Karatun Fim Ɗin Japan a Jami'a: Mu Dakata da Dariyar Tukuna



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta Fagge sai wani ƙanenmu ya zo da albishir. Ya gama digirinsa na farko a fannin aikin jarida, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana cike takardun neman gurbin ƙaro karatu. Da aka tambaye shi me zai karanta, sai ya ce finafinai da shirye-shiryen talabijin na ƙasar Japan yake so ya nazarta. Kafin ya rufe baki majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wato katun za ka je ka karanto mana?" Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mahaifinka yana Kantin Kwari tun safe har magariba yana auna yadi don ka zama mutum, kai kuma Naruto ka sa a gaba?" Yaron ya yi murmushin yaƙe, ya naɗe takardunsa, bai ƙara cewa uffan ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, da mu aka yi dariyar. Sai da muka koma gida muka kwanta abin ya riƙa yi mana yawo a rai. Da muka zauna muka auna, sai muka ga mu ne ya kamata a yi wa dariya. Shi ya sa muka kawo maganar nan zauren, don irin wannan dariyar ta sha kashe wa yaranmu gwiwa, kuma ba a kan fim kaɗai ba.

Mu fara da inda muke zaune. Duk wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya san unguwannin nan biyu su ne gidan sinima a Kano a da. A Sabon Gari aka buɗe sinimar Rex a 1937, daga baya Eldorado ta biyo. A Fagge kuma aka yi Plaza da Wapa. Yau in ka ce Wapa, canjin dala da riyal ne zai faɗo wa yaro a rai, ba lallai ya san sunan sinima ba ne wurin ya gada. Tun farko a bayan ganuwa aka ajiye sinima, inda baƙi suke, kuma mutanen gari sun daɗe suna yi mata kallon wurin 'yan iska. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayukan mutum sama da 300, ta ƙara wa mutane tsoron abin. Da aka gina Palace a cikin birni a 1952 kuwa, sai da aka kai ruwa rana. Wannan tarihin ne ya bar mana ɗabi'ar da muke da ita har yau: muna kallon fim fiye da kowa, amma muna jin kunyar a ce abu ne da ya cancanci a yi masa karatu.

To amma yayin da muke jin kunya, wasu sun zo sun yi karatun a kanmu. Wani Bature mai suna Brian Larkin ya zauna a Kano a shekarun 1990, yana shiga sinimominmu, yana hira da masu kallo da masu sayar da kaset. Ya rubuta yadda fim ɗin Indiya ya shiga zuciyar Bahaushe, ya fitar da littafi a 2008, kuma a yau ana karantar da shi a manyan jami'o'in duniya. Wato kujerar da muka zauna a Plaza muna ihu idan jarumi ya daki bos, ita ce wani ya mayar da ita ilimi. A gida ma muna da misali. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana nazarin finafinan Hausa da littattafan soyayya a lokacin da ake ganin abin ƙasƙanci ne ga malamin jami'a. Shi da abokan aikinsa suka shirya babban taro a kan finafinan Hausa a Kano a 2003. Yau duk wanda zai yi rubutu a kan Kannywood, a London yake ko a Alƙahira, sai ya bi ta kan aikinsa. Saboda haka batun ko fim ya isa a karanta shi a jami'a, an riga an wuce wurin. Tambayar da ta rage ita ce, me ya haɗa mu da Japan?

Abin da ya haɗa mu ya fi yadda muke zato. Mu a nan duk mai ƙananan idanu da ya yi tsalle a fim "Canis" muke ce masa. Ba mu bambance Bruce Lee da Jackie Chan na Hong Kong da mutanen Japan ba, alhali ninja da karate da samurai da yaranmu suka yi ta kwaikwayo a lunguna duk kalmomin Japan ne. Kaset ɗin bidiyo na VHS da aka haifi Kannywood a kansa, tun daga Turmin Danya na 1990, kamfanin JVC na Japan ne ya fito da shi a 1976. Fiyanon da aka buga kiɗan Sangaya da ire-irensa, wanda ya zama sautin fim ɗin Hausa, na kamfanin Yamaha ne. Kyamarorin kuwa, je ka tambayi 'yan kayan lantarki na kasuwar Sabon Gari su gaya maka nawa ne a cikinsu Sony da Panasonic. Mun karɓi kayan aikinsu hannu bibbiyu, ba mu taɓa tambayar me su suke yi da kayan a gidansu ba.

Ga wanda ya fi ba mu mamaki. Waye a cikinmu bai ga Sholay ba? Fim ɗin nan na 1975 da Amitabh Bachchan da Dharmendra suka fito, inda aka ɗauko hayar mutum biyu su kare ƙauye daga ta'addancin Gabbar Singh. Ƙashin bayan wannan labarin daga Japan ya taso. A 1954 wani darakta mai suna Akira Kurosawa ya yi fim ɗin Seven Samurai, wato Samurai Bakwai, labarin talakawan manoma da 'yan fashi ke kwashe musu amfanin gona duk kaka, har suka je suka nemo mayaƙa bakwai da za su kare su a kan ladan abinci kawai. Amurkawa suka mayar da shi fim ɗin kaboyi a 1960, Indiyawa suka ɗebi nasu rabon, mu kuma muka kalla a Fagge muna tafi. Mun ci tuwon Japan a kwanon Indiya ba mu sani ba. Kuma ku sake duba labarin: manoma, 'yan fashin daji, ƙauyen da hukuma ta manta da shi, da mutanen da suka yanke shawarar kare kansu. Wane ɗan Arewa ne zai kalli wannan a yau ya ce labarin wata duniya ne? Fim ɗin ya nuna abin da ke faruwa idan aka ba talaka makami, da irin rashin yardar da ke tsakanin mai kariya da wanda ake karewa. Ɗalibin da ya zauna ya nazarci wannan, zai iya rubuta mana labarin Zamfara da Katsina da zurfin da har yanzu ba mu gani a allo ba.

Darasi na biyu shi ne na aro. Babban zargin da ake yi wa Kannywood tun fil azal shi ne wankiya: a ɗauko fim ɗin Indiya, a sauya sunaye, a bar rawa da waƙa da komai. Masu kare kansu sukan ce ai kowa ma aro yake yi. Gaskiya ne, amma aro suna suka tara. Shi kansa Kurosawa ya ari labaran Shakespeare na Ingila. Ya ɗauki Macbeth ya yi Throne of Blood a 1957, ya ɗauki King Lear ya yi Ran a 1985. Sai dai wanda ya kalli waɗannan finafinai ba zai ji ƙanshin Ingila ko kaɗan ba. Ya rushe labarin ne ya sake gina shi da tubalin gidansu, da tarihin sarakunansu da salon wasan kwaikwayonsu na gargajiya. Da wani daraktan Italiya, Sergio Leone, ya wanke masa fim ɗin Yojimbo ya fitar da A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da izini ba, kamfanin Toho ya kai ƙara, kuma sai da aka biya su wani kaso na kuɗin da fim ɗin ya samu. A labari guda ga darasin fasaha, ga darasin haƙƙin mallaka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Japanawa sun nuna cewa in ka warware kayan aron ka sake ɗinka shi daidai jikinka, ya zama naka. Wannan sana'a ce, kuma koyonta ake yi.

Na uku, batun kuɗi. Kullum kukan masu fim ɗinmu shi ne babu jari. Ku ji labarin Yasujiro Ozu. Yawancin finafinansa a cikin ɗaki suke: iyali, shayi, maganar aure, tsufa. Yakan ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai idon mutumin da ke zaune a kan tabarma, kuma da wuya ya motsa ta, saboda mutanensa a ƙasa suke zama. Mu ma a kan tabarma muke cin abinci, a kan tabarma ake ɗaura aure, a kan tabarma ake zaman makoki. Amma sau nawa muka ga fim ɗin Hausa da aka ɗauka daga idon mai zaman tabarma? Mun fi son aron falon Alhaji mai kujerun alfarma a Nasarawa. Fim ɗin Ozu na 1953, Tokyo Story, labarin tsoho da tsohuwa ne da suka taso daga garinsu suka je birni ganin 'ya'yansu, 'ya'yan kowa na fama da harkar gabansa, sai matar ɗansu da ya rasu ce ta kula da su. Babu faɗa, babu mota, babu bindiga. A 2012 da wata mujallar fim ta Ingila ta tambayi daraktocin duniya, wannan fim ɗin suka sa a gaba da kowane. Wane gida ne a Kano ba shi da irin wannan labarin?

A talabijin ma haka. Tashar NHK ta nuna wani shiri mai suna Oshin daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowane minti 15. Labarin yarinya ce 'yar manoma da talauci ya sa aka kai ta aikatau tana shekara bakwai, aka biya iyayenta da buhun shinkafa. An nuna shi a ƙasashe sama da 60, mutanen Iran da Masar suka rungume shi kamar nasu. Yanzu da harkar fim ɗinmu ta koma shiri mai dogon zango, daga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24 zuwa waɗanda ake sakawa a YouTube duk mako, ba ƙaramin amfani za mu samu ba in wani namu ya gano yadda aka riƙe mai kallo tsawon kashi 297 ba tare da labari ya yi tsami ba. Kuma 'yan aikatau da ake kawowa daga ƙauyuka suna cike da gidajenmu, labarinsu na nan yana jiran mai ba da shi.

Akwai wani kamanci da zai ba ku dariya. Lokacin da fim ba ya magana, Japanawa suna da wasu mutane da ake kira benshi. Mutum ne zai tsaya a gefen allo yana fassara wa jama'a abin da ke faruwa, yana yin muryar kowa, yana ƙara gishiri. Har ta kai wasu don benshi suke zuwa sinima, ba don 'yan wasan ba, kuma sana'ar ta kai har tsakiyar shekarun 1930. Wannan ba shi ne abin da masu fassarar Indiya-Hausa irin su Algaita suke yi ba? Mu muna ganinsa shirme ne na samari. A can kuwa an rubuta littattafai a kan benshi, an adana muryoyinsu. Idan ba mu yi hankali ba, wani ne zai sake zuwa daga waje ya rubuta tarihin namu, mu saya da dala.

Yanzu mu zo ga hujjojin waɗanda suka yi dariya, don ba duka ne na banza ba.

Hujja ta farko: muna fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi da malaman lissafi, ga masu digiri suna tuƙa adaidaita sahu, ga jami'o'in da suka yi wata takwas a rufe a 2022 saboda yajin aiki. A irin wannan hali wa ke ta fim ɗin Japan? Mun yarda da rabin wannan magana. Ba mu ce a buɗe sashe guda a ɗebi ɗalibai ɗari biyar a ba su digiri a kan katun ba. Wannan zai zama zalunci ga yaran da iyayensu. Amma a gari mai miliyoyin mutane, wanda dubban matasansa ke cin abinci ta hanyar fim, daga mai rubuta labari zuwa mai tura finafinai a waya a bakin titi, samun mutum biyar ko goma da suka san yadda wata ƙasa ta gina wannan sana'a ba almubazzaranci ba ne. Wanda Allah ya yi wa baiwar labari, ko an tura shi likitanci dole ba zai zama likitan kirki ba.

Hujja ta biyu ita ce ta tarbiyya da aƙida, kuma ita ta fi nauyi. Gaskiya ne da yawa daga cikin zanen Japan cike suke da aljanu da dodanni da abubuwan bautarsu na Shinto da Buda, wasu kuma akwai tsiraici da zubar da jinin da bai dace da yaro ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: rashin karanta abin a jami'a ya hana shi shigowa? Ku karɓi wayar ɗanku ko ƙanenku ku duba. Naruto na ciki, Dragon Ball na ciki, Demon Slayer na ciki, wanda fim ɗinsa ya fi kowane fim samun kuɗi a duniya a 2020. Da naira kaɗan ake tura masa su a shagon caji. Uwa na ganin zane ne sai ta ce ai katun ne na yara, ba ta san cewa a Japan akwai zanen yara, akwai na samari, akwai na manya zalla da ko kusa yaro bai kamata ya gani ba. Su sun rarrabe abinsu, mu ne muka haɗe su a buhu ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran furodusan da ke Zoo Road, amma ba ta da iko da abin da aka zana a Tokyo. Abin da ya rage mana shi ne mu samu namu masana, masu kishin addini da al'ada, da za su iya gaya wa iyaye wannan a bar yaro ya gani, wannan a hana shi, ga kuma dalili. Larabawa sun daɗe da gane haka. Sun ɗauki zanen ƙwallon nan na Captain Tsubasa suka mayar da shi Kyaftin Majid da harshensu, suka tace abin da za su tace, yaransu suka tashi da shi.

Hujja ta uku: mu fara gama nazarin namu mana. Wannan ma magana ce, sai dai mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai da madubi biyu. Shekara da shekaru madubinmu ɗaya ne, Indiya, sai ɗan abin da muke leƙowa daga Amurka da Legas. Japan ƙasa ce mai kunya da girmama manya da son a rufa asiri, wadda baƙin al'adu suka yi wa rubdugu bayan an ci ta da yaƙi a 1945. Sojan Amurka sun zauna mata har 1952, suna tace mata finafinai. Duk da haka ta fito da muryarta. Ko dodon nan Godzilla na 1954 da muke ɗauka shirme ne, tsoron bam ɗin nukiliya ne na mutanen da suka ga Hiroshima da Nagasaki aka mayar da shi dodo. Al'ummar da ke tsoron kada zamani ya cinye ta, kamar mu, tana da abin koyo a wurin wadda ta shiga wannan ruwan ta fita.

Kada kuma a ɗauka komai nasu abin koyi ne. Osamu Tezuka, wanda ya fara zanen talabijin na mako-mako da Astro Boy a 1963, ya yi dabarar rage yawan zanen da ake buƙata don aiki ya yi sauƙi da araha. Dabarar ta gina masana'anta, amma har gobe ƙananan masu zane a Japan suna kukan ƙarancin albashi da yawan aiki. Wanda ya san yadda ake sallamar ƙananan 'yan wasa da masu riƙe fitila a wurin ɗaukar fim a nan Kano, ya san ciwon ɗaya ne. Karatu na gaskiya yana nuna maka inda mutane suka yi tuntuɓe, ba inda suka yi nasara kaɗai ba.

To me muke nema? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, jami'o'inmu na Kano masu koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, su ba finafinan Asiya gurbi mai ƙarfi a darasinsu, a jera Japan da Indiya da Koriya da Iran kusa da Kannywood, ɗalibi ya kwatanta da idonsa. Darasin zango ɗaya ma ya isa a fara.

Na biyu, matasanmu su nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ofishin jakadancinsu a Abuja ke tallatawa duk shekara. Su sani cewa a can fim karatu ne mai daraja. Jami'ar Fasaha ta Tokyo ta buɗe makarantar fim a Yokohama a 2005, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanta, Ryusuke Hamaguchi, ya ci kyautar Oscar a 2022. Amma duk wanda zai tafi ya tafi da tambayar gida a aljihunsa, ya dawo mana da amsa, ya kuma rubuta ta da Hausa yadda mai shagon kaset da uwar gida za su karanta.

Na uku namu ne, mu 'yan majalisa. Mu rage saurin dariya. A 2016 an so a gina ƙauyen fim a Kofa, aka yi ta cece-kuce har aka fasa. Ko kana cikin masu goyon baya ko masu adawa, za ka yarda cewa mafi yawan musun da zafin rai aka yi shi, masana da za su zaunar da mu su yi bayani da hujja ba su da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna son gobe a samu masu wannan bayanin, yau ne za mu bar yaran su je su koyo.

Jiya da yamma mun je har gida mun sami ƙanen namu, mun ba shi haƙuri. Mun ce ya ci gaba da cike takardunsa, kuma mun yi alkawarin za mu je mu yi wa mahaifinsa bayani da bakinmu a rumfarsa ta Kwari. Ko zai gamsu ko ba zai gamsu ba, sai mun je.

Ku kuma 'yan uwa, muna son jin ta bakinku, musamman iyaye mata da malaman makaranta da waɗanda ke cikin harkar fim. Me kuka tarar a wayoyin yaranku? Idan ɗanku ne ya zo da wannan buƙata, me za ku ce masa? Wanda bai yarda da mu ba ya faɗi hujjarsa, cikin mutunci kamar yadda muka saba.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa mu ga makon gobe lafiya.